Gyaran Ɗakin Manaja

Litinin, huɗu da rabi na yamma

Yau na buɗe ɗakin. Kwana goma sha ɗaya ban taɓa ƙofar ba, da na shiga kuma sai na ga abin bai kai yadda nake tsoro ba. Bango uku sun yi baƙi ƙirin, silin ya zubo ta kusurwa ɗaya, labule babu, katifa babu, durowar kaya ta zama gawayi. Gadon na ƙarfe ne, yana nan daram. Tagar ma gilashi ɗaya kawai ya fashe. Wannan aikin sati uku ne a wurin mai hannu, ni kuwa hannuna ya iya.

Littafin nan na rubuta odar burodi ne. An ba ni sabo a wurin aiki, sai na ware shafukan da suka rage a tsohon don tsara aikin ɗakin. Ina gama rabon burodi in ajiye mota da ƙarfe biyu na rana, don haka kowace yamma tawa ce.

'Yata shekararta takwas. Manaja muke ce mata tun tana 'yar shekara uku, ranar da ta tare bakin ƙofa ta hana ni fita sai na canja riga. Ita da mamanta suna gidan Yaya, yayar matata, tun ranar Alhamis ɗin da aka yi gobarar. Nas ta ce nan da sati uku za a cire mata bandejin hannu gaba ɗaya. Ranar nake so ta dawo ta tarar da ɗaki sabo fil.

Abin da ke aljihuna ba shi da yawa. Zai isa.

Talata, shida na yamma

Na kwashe toka buhu bakwai. Na wanke bango da ruwan ɗumi da sabulu sau biyu, ruwan yana fita kamar tawada. Ƙaurin ne ya ƙi tafiya. Ya shiga hancina, har burodin da na yaga a mota yau sai na ji kamar ya ƙone.

Anti Tela, maƙwabciyarmu, ta leƙo da tsintsiya. Ita ce ta fito da Manaja ranar. Tafin hannunta na dama har yanzu ja ne, sati guda ba ta hau keken ɗinkinta ba. Na fara yi mata godiya sai ta daka mini tsawa.

"Baban Manaja, idan ka sake gode mini sai na kwaɗa maka tsintsiyar nan. Sau arba'in ke nan. Auna mini tagar."

Ta ce tana da ragowar yadduka cike da buhu, za ta haɗa labule da su. Na ce nawa? Ta ɗaga tsintsiyar. Na auna mata tagar.

Laraba, biyar na yamma

Wurin Mai Fenti. Mutumin nan da surutu kamar rediyon da makunninsa ya lalace. Na ce ina neman mai araha, sai ya shiga ciki ya fito da bokiti guda, ruwan ƙwai mai haske. Wani ne ya sa aka haɗa masa, matarsa ta gani ta ce sam, ya dawo da shi. Rabin kuɗi.

"Bangon sabo ne?" in ji shi.

Na ce hayaƙi ne ya ɗan taɓa shi.

Ya ajiye bokitin. "To, sai ka fara shafa na ƙasa tukuna, mai toshe hayaƙi. In ba haka ba baƙin zai biyo fentin ya fito maka, ko da shafi biyar ka yi."

Na yi dariya. Na san 'yan kasuwa, ka je sayen ƙusa su sayar maka da ƙofa. Na ce na wanke bangon sau biyu da hannuna. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, shagon dai yana nan ba ya tafiya ko'ina.

Na kira Manaja in ji ko launin ya yi mata. Na ce, "Ranki ya daɗe, ruwan ƙwai ko shuɗi?" duk da na riga na saya.

Ta ce, "Kowanne, Baba."

Yarinyar da ke zaɓa mini safa. Gajiya ce, maganin da ake ba ta yana sa kasala.

Alhamis, uku na rana

Ban shiga ɗakin ba yau. Ba don komai ba, bangon bai gama bushewa ba.

Juma'a, shida da kwata na yamma

Shafi na farko! Ɗakin ya waye kamar an buɗe masa ido. Na tsaya bakin ƙofa da rola a hannu ina kallo, wallahi ko ƙwararre sai haka. Na ɗauki hoto na tura wa uwargida. Ta gani. Ba ta ce komai ba, amma ta gani.

Bangon da durowa take jingine da shi a da na bar shi sai ƙarshe. Akwai ramin soket a wurin, yana buƙatar natsuwa.

Asabar, huɗu na yamma

Baƙin ya fito.

Asabar, shida na yamma

Kamar taswira, tabo ruwan ƙasa daga silin har tsakiyar bango, duk inda na shafa jiya. Na koma wurin Mai Fenti. Tun daga nesa ya hango ni, ya shiga ciki, kafin in yi sallama ya ɗora gwangwanin fentin nan mai toshe hayaƙi a kan kanta. Bai ce uffan ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Sai da zan tafi ya ce, "Ka bar shi ya kwana biyu kafin ka ɗora ruwan ƙwan. Kwana biyu fa, ba kwana ɗaya da rabi ba. Na ga idonka."

Asarar kwana uku ce kawai da ɗan abin da na ware wa ledar ƙasa. Simintin yana da kyau, in an goge shi ba ya buƙatar leda. Har ma ya fi sanyi.

Lahadi, bakwai na yamma

Na je gidan Yaya. Na tarar da Manaja a falo, hannun hagu a kan matashi, tana kallon talabijin da aka kashe wa murya. Ta rame kaɗan. Ta bar ni na zauna kusa da ita, na yi ta ba ta labarin Mai Fenti, na kwaikwayi tafiyarsa. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Manaja ta yi murmushi don kada in ji kunya.

Can ta ce, "Baba, fitilata ta ƙone?"

'Yar fitilar tebur ce mai hoton taurari, wadda na saya mata bara. Na ce ta ƙone, amma zan samo mata wadda ta fi ta.

"A'a, ba na so," ta ce da sauri, ta mai da ido kan talabijin.

Uwargida ta raka ni bakin titi. Tun ranar ba mu yi maganar da ta wuce ta magani da kuɗin mota ba. Ta ce hoton ya yi kyau. Sannan ta ce, "Wa zai yi wayarin ɗin?"

Na ce, "Ni mana. Soket ɗaya ne da ƙwan fitila."

Ta daɗe tana kallon motocin da ke wucewa.

"In kai ne, ba za mu dawo ba."

Ta juya ta shiga gida.

Litinin, biyu da rabi na rana

Shekara goma sha biyu ina gyara komai a gidan nan. Famfo, ƙofar banɗaki, fanka, dutsen guga, keken Manaja. Ban taɓa kiran kowa ba. Kowa ya sani ranar an kawo wuta da ƙarfi, na faɗa wa Yaya, na faɗa wa Anti Tela, na faɗa a asibiti. Wuta in ta zo da ƙarfi babu ruwanta da wanda ya yi wayarin.

Na shafa na ƙasa. Warinsa kamar zai fasa kai, amma ya rufe komai.

Talata, biyar na yamma

Na kira mai gyaran wuta. Ba don ban iya ba. Don a zauna lafiya.

Laraba, shida na yamma

Dattijo ne, Baba Mai Wuta ake ce masa a layinmu, da tabarau ɗaure da zare da jakar da ta girme ni. Ya kashe mita tukuna, ya gwada da ɗan sukudirebansa mai haske sau biyu, sannan ya durƙusa gaban ramin soket. Ya fi minti goma yana tono. Ni ina ta ba shi labarin yadda aka kawo wuta ranar.

Ya jawo wata guntuwar waya, tsawon yatsa biyu, da narkakken salatif dunƙule a tsakiyarta. Ya kai ta bakin taga ya juya ta a haske.

"An kawo wuta da ƙarfi, ka ce?"

Na ce haka ne.

"Firijinku ya ƙone? Talabijin fa? Na maƙwabta fa?"

Na ce a'a.

"To." Ya sake juya wayar. "Wa ya yi wannan haɗin? Siririyar waya da kakkaura, an murɗe su da hannu, an tura bayan katako."

Na ce wani ne.

Ya dube ni ta saman tabarau. "In ka ga wanin nan, ka ce ina gaishe shi. Ka ce masa Allah ya so shi ƙwarai."

Ya sa mini guntuwar a tafin hannu ya rufe yatsuna a kanta. Ya ce ba soket ɗaya zai gyara ba, layin ɗakin gaba ɗaya zai canja tun daga mita, ko kuma in nemi wani. Na ce ya yi.

Kuɗin durowa da na sabuwar katifa sun tafi ke nan. Ba komai. Akwai dabara.

Alhamis, uku na rana

Guntuwar wayar tana cikin aljihun gaban mota. Na buɗe sau huɗu yau.

Juma'a, shida da rabi na yamma

Dabarar ta yi! A bayan gidan burodi akwai tsofaffin farantan katako da muka daina ɗaukar kaya da su, an jibge za a ba masu itace. Na tambayi Oga, ya ce in kwashe har da ƙurar. Na zaɓi shida masu lafiya. Na goge da sanfefa har yatsuna suka yi santsi, na shafa musu ragowar farin fentin nan na ƙasa. Uku a bango, kantocin littafi. Uku a jere a ƙasa ɗaya kan ɗaya, wurin ninke kaya. Na kafa guntun bututun ruwa tsakanin bango da bango, ga wurin rataye yunifom. Wa yake buƙatar durowa?

Katifar baƙi da ke bayan kujerar falo ta shiga gadon kamar don shi aka yanka ta. Baƙi su yi haƙuri, su zo da tasu.

Baba Mai Wuta ya gama. Wayoyin suna cikin farin bututu a fili, babu abin da ya ɓuya bayan komai. Ya sa wani ɗan akwati kusa da mita, ya ce ko ƙuda ya yi kuskure wutar za ta yanke da kanta. Ya nuna mini yadda ake mayar da ita, sannan ya ce, "Iyakar abin da na yarda ka taɓa ke nan."

Asabar, biyar na yamma

Ruwan ƙwai, shafi biyu. Babu tabo ko ɗaya. Na zauna a ƙasa na jira ya fito, bai fito ba.

Litinin, shida na yamma

Anti Tela ta kawo labulen. Yanki-yanki ne, ja da kore da mai furanni da wani mai hoton kifi, kowanne kamar tafin hannu, ta jera su sun zauna kamar tare aka haife su. Da muka rataya, rana ta biyo ta ciki ta zuba launi a kan siminti. Na buɗe baki, ta ce, "Kul!" Na rufe.

Saura gilashin taga da fentin gado. Kwana uku suka rage. Na ce sati uku, sati uku ne.

Talata, huɗu da rabi na yamma

Ina kan fentin gado na ji an buɗe ƙofar gida. Uwargida ce, ita kaɗai, daga asibiti. Ta tsaya bakin ɗakin ta dubi bango, ta dubi labule, ta shafa kantocin. Ta bi farin bututun nan da ido tun daga soket har inda ya fita. Na jira yabo.

Ta ce, "Ka san abin da 'yarka ta faɗa wa nas yau?"

Na ajiye buroshi.

"Ana wanke mata ciwon, nas ta ce ta kusa komawa ɗakinta. Sai ta ce ba za ta koma ba, ita ta ƙona shi. Wai ta lulluɓe fitilarta da ɗankwalina don ta yi wa 'yan tsananta tanti, barci ya ɗauke ta. Sati huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Ta roƙi nas kada ta faɗa maka, wai kana ta wahala saboda ita."

Na zauna a kan bokiti.

"Na biya wurin Baba Mai Wuta kafin in zo," in ji ta. "Na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce shi aikinsa waya, in tambayi mai gidana."

Ta jira. Fenti yana ɗiga daga buroshin a kan simintin da na goge jiya, ina kallo.

Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Laraba, biyar da rabi na asuba

Ban taɓa makara a wurin aiki ba. Yau ma ba zan makara ba.

Laraba, bakwai na yamma

Daga aiki ban biya gida ba. Na buɗe aljihun mota na ɗauka, na wuce gidan Yaya. Na ce Yaya ta zauna, uwargida ma ta zauna, don a gabansu na faɗi wancan zancen, a gabansu zan gyara.

Na durƙusa gaban kujerar Manaja na buɗe hannuna.

"Kin ga wannan? Daga nan wutar ta tashi, a bayan durowarki. Fitilarki tana can wani bangon, ƙwanta ma ba ya zafi. Baba Mai Wuta ya duba ya tabbatar. Bara da na ƙara miki soket, wayar ta gaza, na ƙi sayen wata, na haɗa da guntuwar da na samu. Mamanki ta ce in kira mai gyara, na ce na iya. Ba a kawo wuta da ƙarfi ba. Ba ke ba ce. Ni ne."

Ta karɓi wayar da hannun dama ta daɗe tana dubawa.

"Ɗankwalin fa?"

"Ɗankwalin ya ƙone ne kamar yadda labule ya ƙone. Wutar ce ta same shi."

"Ka tabbata? Ba don in ji daɗi ba?"

"In kina so gobe in kawo miki Baba Mai Wuta ki tambaye shi da kanki. Ba ya yi wa kowa kara, ni shaida ne."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti, da ƙarfi, baki buɗe. Ta dunƙule hannun ta yi ta dukan kafaɗata. Na bar ta. Mamanta ta zo ta rungume ta ta baya. Yaya ta tashi ta shiga kicin ta yi ta buga tukwane ba tare da ta dafa komai ba.

Da zan tafi uwargida ta biyo ni bakin titi. Ta ce, "Tun a asibiti na sani. Jira nake ka faɗa." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba yau ba. Ka ci abinci kuwa?"

Alhamis, shida na yamma

An cire bandejin. Fatar ta yi kyau, in ji nas, tabon zai ragu da girma. Ba su dawo ba. Manaja ta ce tana tunani.

Na je wurin Anti Tela na faɗa mata ita ma. Ta ci gaba da taka kekenta har na gama, sannan ta ce, "To ka sa gilashin tagar, sauro na shiga."

Na sa.

Asabar, uku da rabi na rana

Sun zo da hantsi, da jakunkuna biyu.

Manaja ta tsaya bakin ƙofar ɗakin, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, tana shaƙar iska. Ta ce warin fenti ne kawai. Ta shiga. Ta kunna fitilar sama ta kashe, ta kunna ta kashe. Ta sa na kai ta wurin mita na nuna mata akwatin Baba Mai Wuta. Ta dawo ta shinshina kantocin ta ce suna ƙamshin burodi, na ce ƙarya ne, ta ce gaskiya ne. Kanta ta tsakiya ta karkace, in ji ta. Na ce idonta ne. Mamanta ta ɗora lemo a kai, ya gangara ya faɗo.

Gadon kuma ba ta son inda na sa shi. Tana so ya koma inda za ta riƙa ganin ƙofa. Muka ɗaga ni da mamanta, ita tana nuni da yatsa, gaba kaɗan, baya kaɗan, ya isa.

Sannan ta zauna a bakin gado ta harɗe hannu.

"Baba, na yanke hukunci. An kore ka daga aikin wuta."

Na ce na karɓa, ranki ya daɗe.

"Har abada."

Na ce har abada.

"Amma fenti ka iya. Kana iya ci gaba da fenti."

Bayan mun ci abincin rana ta fara hamma. Tun ranar ba ta yi barcin rana ba, in ji mamanta, ko sau ɗaya. Na ce ta zo falo ta kwanta. Ta ce a'a, a ɗakinta, amma a bar ƙofa buɗe, kuma in zauna a waje inda za ta ji ni.

Ga ni nan a kan bokitin fenti da na kifa, bayana jingine da bango, littafi a gwiwa. Uwargida tana kicin, ta ajiye mini shayi a ƙasa.

"Baba?"

"Na'am."

Bayan minti biyar, "Baba, kana nan?"

"Ina nan."

Ta sake kira sau ɗaya, muryar ta yi nauyi. Yanzu rabin awa ke nan ba ta kira ba. Ƙafata ta dama ta yi sanyi, shayin ya huce. Ba zan tashi ba sai ta farka.